Kilomita Biyar ta Bangui: Korar 2014 da Shari'o'in da Suka Biyo Bayanta

Kilomita Biyar unguwa ce a gunduma ta uku ta Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A takardun hukuma PK5 ko KM5 ake rubutawa, domin tazarar kilomita biyar ce tsakaninta da dandalin tsakiyar gari inda ake fara awon hanyoyi. A nan babbar kasuwar birnin take, wadda ake kira kasuwar Mamadou Mbaïki, a nan kuma babban masallacin Koudoukou yake. Tun daga ƙarshen 2013 sunan unguwar ya shiga bakin lauyoyi da alƙalai, saboda ita ce mafakar ƙarshe ta Musulmin Bangui sa'ad da aka kore su daga sauran unguwanni, kuma daga ita da unguwar PK12 ne manyan motoci suka riƙa jigilar mutane zuwa Chadi da Kamaru.

Wannan kora ta sha bamban da irin wadda kotuna suka saba gani. Ba minista ne ya sa hannu a takarda ba, ba kuma jami'an shige da fice ne suka raka mutane bakin iyaka ba. Mayaƙan sa-kai da gungun jama'a ne suka yi ta da adda da bindiga, a lokacin da hukuma ta durƙushe. Saboda haka babu umarnin da za a kai gaban alƙali a nemi ya soke. Doka ta shigo lamarin ne daga baya, ta ƙofofi daban-daban: haƙƙin fita da shiga ƙasa, haƙƙin zaɓe, shari'ar manyan laifuka, da batun gidaje da takardun zama ɗan ƙasa.

Asalin unguwar da mazaunanta

Faransawa suka kafa Bangui a 1889 a gaɓar kogin Ubangi. Kafin nan fatake Musulmi sun riga sun san ƙasar ta hanyoyi biyu. Daga yamma, Hausawa da Barebari sun bi sawun Fulanin Ngaoundéré zuwa garuruwan kogin Sangha suna neman goro da hauren giwa. Daga arewa akwai daular Dar al-Kuti ta Sarki Sanusi a Ndélé, wanda Faransawa suka kashe a 1911, wadda hare-harenta na kamun bayi suka bar tabo a zukatan ƙabilun kudu. Fulani Mbororo sun shigo da shanunsu daga Kamaru a shekarun 1920. Da Turawa suka keɓe tsakiyar Bangui ga kansu, suka tura unguwannin baƙar fata bayan gari, sai baƙin 'yan kasuwa suka taru a wurin da ya zama Kilomita Biyar. Sunayen wasu sassanta, irin su unguwar Kamarawa da ta Sanagalawa, suna nuna inda magabata suka fito.

Bayan samun 'yanci a ranar 13 ga Agusta 1960, unguwar ta ci gaba da karɓar baƙi, musamman 'yan Chadi da yaƙin basasar ƙasarsu ya koro daga 1979. Cinikin shanu, sarin kaya, sayen lu'ulu'u da zinariya da jigilar manyan motoci a kan hanyar Bangui zuwa Garoua-Boulaï da Douala duk sun fi yawa a hannun Musulmi, amma aikin gwamnati da na soja sun fi yawa a hannun Kiristocin kudu. Kiristoci da dama sun zauna a gundumar ta uku, an yi auratayya, an yi cuɗanya da harshen Sango. Duk da haka kallon baƙo bai rabu da Musulmi ba, ko da kakansa a Bangui aka haife shi. A ƙarshen Mayu 2011 an yi tarzoma a unguwar bayan an tsinci gawar yara biyu a motar wani ɗan kasuwa Musulmi, aka kashe mutane, aka far wa masallatai. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1961 ta fi jingina ga jinin iyaye, rajistar haihuwa kuma ba ta wadatu ba, don haka iyalai da yawa suka rayu shekara da shekaru ba su da takardar da ke tabbatar da ko su 'yan wace ƙasa ne.

Yadda korar ta auku

Ƙawancen 'yan tawayen Seleka, wanda mafi yawan mayaƙansa Musulmi ne daga arewa maso gabas tare da sojojin haya daga Chadi da Sudan, ya kama Bangui a ranar 24 ga Maris 2013. Shugaba François Bozizé ya tsere, jagoran Seleka Michel Djotodia ya hau mulki. Watannin da suka biyo baya sun cika da kisa da fyaɗe da wawaso, galibi a kan waɗanda ba Musulmi ba. Wasu mazauna Kilomita Biyar sun yi hulɗa da Seleka, mafi yawansu kuwa kasuwarsu suka sa a gaba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da mayaƙan sa-kai na anti-balaka, masu adawa da Seleka, suka afka wa Bangui a ranar 5 ga Disamba 2013, ba su bambanta ɗan Seleka da mai shago ba. A ranar ce Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2127, wanda ya ba rundunar Afirka ta MISCA da rundunar Faransa ta Sangaris izinin aiki.

Djotodia ya yi murabus a N'Djamena ranar 10 ga Janairu 2014, aka zaɓi Catherine Samba-Panza shugabar riƙon ƙwarya ranar 20 ga watan. Janyewar Seleka ta bar Musulmi farar hula ba kariya. Aka riƙa rushe gidaje da masallatai a Boeing da Miskine da PK13 da sauran wurare, mazauna suka kwarara Kilomita Biyar, wasu suka kwana a harabar babban masallaci. Chadi ta aiko jiragen sama da ayarin motoci da rakiyar soja. Najeriya ta kwashe fiye da mutum 1,000 ta jirgin sama a watan Janairu, Mali da Sanagal da Nijar su ma suka kwashi nasu. A ranar 27 ga Afrilu 2014 aka raka kimanin mutum 1,300 da suka rage a PK12 zuwa Kabo da Moyen-Sido a kusa da iyakar Chadi.

Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin lauyan Kamaru Bernard Acho Muna, ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a Disamba 2014. Ya ce dukkan ɓangarori sun aikata manyan laifuka, kuma abin da anti-balaka suka yi na share Musulmi daga yankunansu laifi ne na cin zarafin bil'adama, ko da yake bai sami hujjar niyyar kisan ƙare dangi ba. A Maris 2015 jakadiyar Amurka Samantha Power ta bayyana cewa an lalata masallatai 417 daga cikin 436 da ke ƙasar. Kiristoci ma sun rasa matsugunai: kimanin mutum 100,000 suka fake a filin jirgin sama na Mpoko, da yawansu daga gundumar ta uku, inda 'yan bindigar Kilomita Biyar suka ƙone gidajen maƙwabta.

Tanadin doka da shari'o'in da suka gabata

Dokokin da suka shafi kora an tsara su ne da tunanin cewa gwamnati ce mai korar. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashe na 32, ta hana korar ɗan gudun hijira sai don tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a, kuma sai an ba shi damar kare kansa. Sashe na 33 ya hana mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda rikici ya koro, ta hana juya shi a bakin iyaka, ta kuma ce komawa gida sai da yardarsa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, a sashe na 12, ta haramta korar baƙi jumla saboda ƙasarsu ko ƙabilarsu ko addininsu. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Afirka ta Tsakiya ta amince da ita, ta ɗora wa gwamnati nauyin kare mutane daga raba su da muhallinsu ko da ƙungiyoyin 'yan bindiga ne suka yi.

An gwada waɗannan tanade-tanade a wurare da dama. Hukumar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Banjul ta sami Zambiya da laifi kan korar 'yan Afirka ta Yamma 517 a 1992, ta sami Angola da irin wannan laifi kan korar 1996, domin a duka biyun ba a bar mutane sun je kotu ba. A 2004 ta yanke wa Gini hukunci kan abin da aka yi wa 'yan gudun hijirar Saliyo bayan jawabin Shugaba Lansana Conté na Satumba 2000. A Najeriya, shari'ar Shugaba Abdurrahman Darman ita ce sananniya: a Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar jagoran masu rinjaye na majalisar dokokin Borno zuwa Chadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne, babbar kotun Maiduguri ta soke korar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. A Maris 2019 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce miƙa jagoran 'yan awaren Kamaru Sisiku Ayuk Tabe da abokansa ga Kamaru a Janairu 2018 ya saɓa wa doka. A dukkan waɗannan akwai gwamnatin da za a kira ta amsa. Mutanen Bangui ba su sami wannan ba, ga shi kotunan ƙasarsu sun daina zama, an fasa gidajen yari, an ƙone rajistoci.

Tsakanin hana fita da hana shiga

Takaddamar farko ta taso ne kan ko a kwashe mutane ko a bar su. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙi yarda da ci gaba da kwashewa, tana ganin hakan zai tabbatar da rabuwar ƙasa gida biyu, kuma ta yi tir da ayarin PK12. Hukumomin agaji sun ce ceton rai ne a gaba. A farkon 2015 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ƙiyasta Musulmi kimanin 36,000 a killace a wurare bakwai, ciki har da Kilomita Biyar da Boda da Carnot da Berbérati da Yaloké. A Yaloké Fulani kusan 500 suka maƙale, fiye da 40 suka mutu saboda yunwa da cuta, aka kuma hana su hawa motocin da ke zuwa Kamaru. UNHCR da ƙungiyar Human Rights Watch sun kafa hujja da sashe na 12 na yarjejeniyar duniya kan haƙƙin farar hula da siyasa, wanda ya ba kowa 'yancin barin kowace ƙasa har da tasa. Ba kotu ce ta warware wannan ba. Matsin lamba ne ya sa a 2015 aka bar masu son tafiya suka tafi.

A ɗaya gefen iyakar matsalar ta juye. Chadi ta janye sojojinta daga MISCA a Afrilu 2014 bayan an zarge su da buɗe wuta kan jama'a a PK12 ranar 29 ga Maris, sannan a watan Mayu Shugaba Idriss Déby ya rufe iyakar kudu. A watan Yuni UNHCR ta nuna damuwa kan rahotannin juya masu neman mafaka a Sido, abin da yarjejeniyar 1969 ta hana ƙarara. Waɗanda suka riga suka shiga, da hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙidaya sun haura 100,000, mafi yawansu ba a rubuta su 'yan gudun hijira ba. Gwamnatin Chadi ta kira su 'yan ƙasa da suka dawo gida, alhali da yawansu ba su taɓa taka Chadi ba, ba su kuma da dangin da za su nufa. Aka zaunar da su a sansanoni irin su Gaoui kusa da N'Djamena, da Doyaba a Sarh, da Danamadji da Maingama. Wannan laƙabi ya hana su kariyar dokar 'yan gudun hijira, bai kuma ba su takardar Chadi nan take ba, sai dubbai suka shiga haɗarin zama marasa ƙasa. A Kamaru an karɓi masu shigowa a matsayin 'yan gudun hijira jumla, aka buɗe musu sansanonin Gado-Badzéré da Lolo da Mbilé da Timangolo da Borgop.

Ƙuri'ar 'yan gudun hijira a gaban kotun tsarin mulki

Hukunci mafi muhimmanci da wata kotun ƙasar ta yanke game da korarrun ya zo ne a 2015. Taron ƙasa na Bangui, wanda aka yi daga 4 zuwa 11 ga Mayu, ya amince cewa Musulmi 'yan ƙasa ne kamar kowa, ya kuma nemi a sanya ranakun Sallah cikin hutun hukuma. Amma a ƙarshen Yuni majalisar riƙon ƙwarya, da take gyara dokar zaɓe, ta cire 'yan gudun hijira daga masu jefa ƙuri'a. Hujjarta ita ce tsoron maguɗi da wuyar tantance ɗan ƙasa daga baƙo a sansanonin waje. A lokacin mutum kimanin 460,000 ne ke gudun hijira a maƙwabtan ƙasashe, mafi yawansu Musulmi, kuma an ƙiyasta kusan 190,000 sun isa zaɓe. Cire su yana nufin a kammala da takarda abin da aka fara da adda.

Da dokar ta je gaban kotun tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, sai ta yanke a watan Yuli cewa kundin riƙon ƙwarya na 2013 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin zaɓe, kuma wahalar shirya zaɓe ba ta isa hujjar tauye wannan haƙƙi ba. Daga nan aka ƙulla yarjejeniyoyi da Kamaru da Chadi da Kwango Brazzaville tare da UNHCR don yin rajista a sansanoni. Waɗanda aka samu aka rubuta ba su kai yawan da aka ƙiyasta ba, amma hukuncin ya kafa ƙa'ida: tsallake iyaka don tsira da rai ba ya cire mutum daga ƙasarsa.

A cikin Kilomita Biyar ma zaɓen bai zo da sauƙi ba. Kisan wani ɗan acaɓa Musulmi a ranar 26 ga Satumba 2015 ya tayar da sabon rikici, aka yi wa unguwar ƙawanya. A lokacin an ƙiyasta Musulmi 15,000 ne suka rage a cikinta, daga kimanin 122,000 da ke Bangui kafin yaƙin. Fafaroma Francis ya shiga unguwar ranar 30 ga Nuwamba, Liman Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi a babban masallaci. A ranar ƙuri'ar raba gardama, 13 ga Disamba, 'yan bindigar da ke adawa da zaɓen suka buɗe wuta kan masu layi, amma mazauna suka yi tattaki suna neman a bar su su zaɓa, aka ƙara musu rana. Ƙa'idar 2015 ba ta ɗore ba: a Satumba 2020 majalisar dokoki ta gyara dokar zaɓe ba tare da tanadin ƙuri'ar 'yan gudun hijira ba, aka yi zaɓen Disamba na shekarar babu su.

Shari'ar birnin Hague

Afirka ta Tsakiya ta shiga yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague, a 2001. Sashe na 7 na yarjejeniyar ya lissafa fitar da jama'a daga ƙasa ko tilasta musu ƙaura a cikinta a jerin laifukan cin zarafin bil'adama, kuma bai shar'anta sai gwamnati ce ta yi ba. Ƙungiya mai tsari ma tana iya aikatawa. Tilas ɗin kuma ba sai an ɗora mutum a mota da ƙarfi ba, ya isa a jefa shi cikin tsoron da ba shi da zaɓi sai gudu. Wannan ne ya ba korar 2014 hanyar shiga kotu. Gwamnatin Samba-Panza ta miƙa lamarin ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ranar 30 ga Mayu 2014, mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta buɗe bincike ranar 24 ga Satumba.

Alfred Yekatom, tsohon kofur ɗin soja da ake wa laƙabi da Rambo, wanda ya zama ɗan majalisa mai wakiltar Mbaïki, an kama shi bayan ya harba bindiga a zauren majalisa a Oktoba 2018, aka miƙa shi Hague ranar 17 ga Nuwamba. Patrice-Edouard Ngaïssona, tsohon minista kuma shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, wanda ya riƙe muƙamin babban jami'in tsare-tsaren anti-balaka, an kama shi a Faransa ranar 12 ga Disamba 2018. Aka fara shari'arsu ranar 16 ga Fabrairu 2021. Cikin tuhume-tuhumen akwai harin 5 ga Disamba 2013 a kasuwar Boeing da unguwar Cattin, wanda ya kori Musulmin wurin zuwa Kilomita Biyar da ƙasashen waje, da rushe masallacin Boeing, da korar Musulmin ƙauyukan da ke kan hanyar PK9 zuwa Mbaïki, waɗanda sojojin Chadi suka kwashe a farkon Fabrairu 2014. Mataimakin magajin garin Mbaïki, Saleh Dido, wanda ya ƙi bin ayarin, an kashe shi a ƙarshen watan.

Ranar 24 ga Yuli 2025 alƙalai ƙarƙashin Bertram Schmitt suka sami mutanen biyu da laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama, ciki har da kisa da tilasta ƙaura da tsangwamar Musulmi. Yekatom ya sami ɗaurin shekara 15, Ngaïssona shekara 12. An wanke Yekatom daga tuhumar sa yara aikin soja, an wanke Ngaïssona daga ta fyaɗe. Kotun ta lura cewa asalin rikicin ba na addini ba ne, shugabanni ne suka yi amfani da addini don neman mulki. Kusan mutum 2,000 da abin ya shafa suka shiga shari'ar ta bakin lauyoyinsu. Wata shari'ar ba ta kai ko'ina ba: Maxime Mokom, wanda Chadi ta miƙa a Maris 2022 bisa tuhumar da ta haɗa da korar jama'a, an sake shi a Oktoba 2023 bayan mai gabatar da ƙara Karim Khan ya janye tuhumar saboda rashin shaidu. Daga ɓangaren Seleka, an fara shari'ar Mahamat Said Abdel Kani a Satumba 2022 kan azabtar da tsararru a Bangui a 2013.

Kotunan cikin gida

Dokar 3 ga Yuni 2015 ta kafa Kotun Musamman ta Manyan Laifuka a Bangui, mai haɗa alƙalan ƙasa da na waje, da hurumin laifukan da aka aikata tun daga 2003. Ta yi zamanta na farko a Oktoba 2018, ta yanke hukuncin farko ranar 31 ga Oktoba 2022 kan mayaƙa uku na ƙungiyar 'yan tawaye ta 3R da suka yi kisa a ƙauyukan yankin Paoua. Ƙarancin kuɗi da rashin ikon kama waɗanda ake nema sun rage mata sauri. A Nuwamba 2021 jami'an tsaro suka fitar da minista Hassan Bouba daga kurkuku kwanaki kaɗan bayan kotun ta tsare shi. Kotun manyan laifuka ta yau da kullum a Bangui ita ma ta taɓuka: a Janairu 2018 ta yanke wa kwamandan anti-balaka Rodrigue Ngaïbona, wanda aka fi sani da Andjilo, ɗaurin rai da rai, a Fabrairu 2020 kuma ta yi wa jagorori biyar irin wannan hukunci kan harin da aka kai wa Musulmin Bangassou a Mayu 2017.

Komawa, gidaje da takardu

Hukuncin laifi ba ya mayar wa mutum gidansa. Ƙa'idojin Pinheiro na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 da yarjejeniyar ƙasashen yankin Manyan Tafkuna ta 2006 sun tabbatar da haƙƙin mai dawowa ya karɓi dukiyarsa ko a biya shi diyya. A Bangui kuwa filaye kaɗan ne ke da cikakkiyar takardar mallaka. Yawanci takardar ciniki ce da mai unguwa ya sa wa hannu, ita ma ta ƙone ko ta ɓace a gudu. Wasu gidajen an rushe su har tushe, wasu an shige su, wasu an sayar da su sau biyu. Don haka mafi yawan rigingimun a gaban masu unguwa da magadan gari da kwamitocin sulhu ake kashe su. Ta wannan hanya aka buɗe maƙabartar Musulmi ta Boeing, bayan mutanen Boeing da na Kilomita Biyar sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 11 ga Fabrairu 2016. Kafin nan a cikin unguwa ake binne mamata. Masallacin Lakouanga, da aka rushe a Mayu 2014, Musulmi da maƙwabtansu Kiristoci ne suka sake gina shi.

Ita kanta unguwar ta daɗe a hannun ƙungiyoyin da suka fara da sunan kare kai suka koma karɓar haraji daga 'yan kasuwa. Farmakin Sukula na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSCA a Afrilu 2018 bai kawar da su ba, ya dai jawo asarar rayuka. A ƙarshen Disamba 2019 'yan kasuwa suka ƙi biya, aka gwabza, mutane da dama suka mutu, sannan hukuma ta ayyana unguwar wurin da aka haramta ɗaukar makami, 'yan sanda suka fara komawa.

A fagen ƙasa da ƙasa, an sa hannu kan yarjejeniyar komawa gida bisa raɗin kai tsakanin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da UNHCR ranar 29 ga Yuni 2019, aka yi irinta da ƙasashen Kwango biyu a shekarar, sannan sanarwar Yaoundé ta 27 ga Afrilu 2022 ta haɗa ƙasashen yankin kan neman mafita ta dindindin. Dubun-dubatar mutane sun koma, amma a 2024 waɗanda ke waje sun haura 600,000. Babban cikas ga mai dawowa shi ne takarda. Rahotannin haƙƙin ɗan Adam sun sha nuna cewa mai sunan Musulmi akan nemi ya kawo ƙarin shaidar haihuwar iyaye kafin a ba shi katin ɗan ƙasa, kuma kundin tsarin mulki na 2023 ya ƙara ƙarfafa batun asali, inda ya keɓe takarar shugabancin ƙasa ga wanda iyayensa biyu 'yan ƙasa ne. Abin da shari'o'in suka tabbatar zuwa yanzu abu biyu ne: korar laifi ce da ake hukunta mutum a kanta ko da ba gwamnati ce ta yi ba, kuma korarre bai rasa matsayinsa na ɗan ƙasa ba. Diyya, mayar da gidaje da tantance ƙasar waɗanda aka haifa a Kilomita Biyar amma ba su da takarda su ne batutuwan da har yanzu ke gaban kotuna da hukumomi.